Yarona yana nishi kafin fitsari ya fito, eko ya nuna ƙodojinsa biyu sun kumbura

Maman Ɗan Fari, unguwar Zariya, Maraɗi

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Daga bakin gadon asibiti nake rubuta wannan, waya a hannun dama, hannun hagu riƙe da ƙafar yaro don kada ya fizge robar fitsarin da aka sa masa. Ku yi haƙuri in na yi tsawo, kwana shida ke nan ban samu wanda zan amayar wa abin da ke raina ba.

Ɗan fari ne, shekara ɗaya da wata biyar, kun san ba zan kama sunansa ba. Tun muna cikin wankan jego na lura fitsarinsa ba irin na sauran yara maza ba ne. Ɗan ƙanwar maigidana, wanda ya girme shi da sati uku, in aka kwance masa ƙunzugu sai ya tsula fitsari har fuskar mai riƙonsa, a yi ta dariya. Nawa kuwa sai ya ɗaure fuska, ya yi nishi kamar mai kashi, jijiyar wuyansa ta tashi, sannan fitsarin ya riƙa zuwa ɗis, ɗis, ya gangara ta cinya. In na goya shi bayana ba ya bushewa. Zanen goyo huɗu nake wankewa a wuni. Na faɗa wa Inna, uwar maigidana, ta ce sanyin jego ne, kuma fatar gabansa ce ta matse, ranar da aka yi masa kaciya zai sake. Ni da haihuwar fari, sai na ja bakina na yi shiru.

Masassara ta fara zuwa yana wata huɗu, daga nan ba ta taɓa yin wata biyu ba ta dawo ba. Duk zuwa ƙaramin asibitin da ke kusa da mu, a huda yatsa a yi gwajin palu, wato zazzaɓin cizon sauro. Sau biyu ya nuna akwai, aka ba da magani. Sauran lokutan bai nuna komai ba, amma dai da maganin palu muke komawa gida, ko baban ya biya shagon magani ya sayo siro. Wadda ta fara tayar mini da hankali ita ce ta watan Afrilu. Tsakiyar bazara, ko sauro ɗaya babu a ɗakinmu, ga yaro jiki kamar garwashi. Fitsarinsa a lokacin yana wari, ya yi fari-fari kamar ruwan wankin shinkafa. Ban faɗa ba don ba a tambaye ni ba, ni ma ban san abu ɗaya ne da masassarar ba. Nauyinsa ya tsaya a kilo 8, aka ce tamowa ce, aka sa mu cikin masu karɓar abincin leda. Yana sha, sikeli bai motsa ba.

Talatar da ta wuce ya wuni yana amai, ya ƙi nono, ƙunzugunsa da ƙyar ya jiƙe. Na taɓa mararsa na ji ta yi tauri, ta taso ƙarƙashin cibiya kamar an kifa ƙaramin ƙoƙo. Ƙarfe ɗayan dare muka hau kabu-kabu zuwa babban asibiti. Wani matashin likita ya danna marar, ya ɗago ya ce, "Madam, kin taɓa ganin yaron nan ya yi fitsari ya yi nisa?" Wallahi tun da na haife shi ba wanda ya taɓa yi mini wannan tambaya. Na ce a'a, sai hawaye.

Aka sa masa robar fitsari. Abin da ya fita a take majo, wato ma'aikacin jinya, ya auna, ya ce mililita 280, marar ta saɓe a kan idona. Aka ɗaura ruwa, aka fara allurai. Washegari aka yi eko, wato hoton cikin jiki: ƙodoji biyu sun kumbura, ta hagu ta fi, bututun da ke sauko da fitsari daga ƙoda sun buɗe, bangon mafitsara ya yi kauri. A takardar an rubuta idronefroz, wato kumburin ƙoda. Awon jini kuma, wani abu kireyatinin da ke nuna aikin ƙoda, ya nuna 14, likita ya ce ya yi yawa ga yaro kamarsa. Ya ce yana zaton akwai wani abu da ake kira bawul da ya tare hanyar fitsarin, sai an yi hoton rediyo na musamman a tabbatar, sannan a yi aiki da ƴar kyamara. Ya ce zai rubuta mana takardar zuwa Yamai ko Damagaram.

To yanzu masassara ta sauka, yaro ya kama nono, gida kuma ya rabu biyu. Inna ta ce tun da fitsari ya buɗe a cire robar nan mu koma gida, a kira wanzami, ita kuma za ta haɗa jiƙo da jar kanwa. Abin da ya fi damunta, wai in aka zura masa ƙarfe a gaba za a kashe masa mazakuta. Maigidana takalma yake sayarwa a kasuwa, jarinsa duk yana cikin kaya. Bai ƙi aikin ba, amma ya ce a jira kaka, in yayansa ya sayar da gujiya da wake a ƙauye sai mu tafi. Wata uku ke nan.

Don Allah wanda ya san abin nan ya gaya mini gaskiya. Jiran wata uku zai cutar da shi? Kaciyar za ta iya wadatarwa? Ƙodar da ta kumbura tana komawa yadda take? Maganar Inna kuma, ni ma ta shige ni, ba zan ɓoye ba.

Manomin Albasa, Jiratawa

Wa alaikumus salam baiwar Allah, Allah ya ba shi lafiya. Ki tambayi likitan ko an duba tsargiya. Na faɗi haka ne don abin da ya samu ɗana mai shekara 11. Mu nan yaranmu a cikin magudanan ruwan noman rani suke wuni, in an je Madarumfa kuma sai sun faɗa tafki. Yaron ya daɗe yana ganin jini a ƙarshen fitsari, ɗigo biyu uku, yana jin zafi, bai faɗa ba. Da uwarsa ta gani a wando, tsofaffi suka ce ai girma ne ya zo. Sai da ciwon kwiɓi ya hana shi barci muka kai shi, eko ya nuna ƙodar dama ta kumbura, awon fitsari ya nuna ƙwan tsutsar. Likita ya ce tsutsar daga dodon koɗin cikin ruwa take fitowa, ta huda fata ta shiga, ƙwanta kuma ya taru a mafitsara ya matse bututu. Aka auna nauyinsa aka ba shi firazikantel, wanda ake rabawa a lakkol, miligiram 40 a kowane kilo, sha ɗaya bayan ya ci tuwo. Bayan wata shida muka sake eko, kumburin ya ragu sosai, ba a yi masa aiki ba. Wataƙila naki ma haka ne, a duba kafin a kai ga wuƙa.

Kakar Yara, Sabon Gari

Jikata ce ke rubuta mini, ni ina faɗa. Ɗiyata, sannu. Da aka karanta mini maganarki sai na ga kamar tsakar gidana ake nuna mini shekara tara baya.

Jikana namiji haka ya zo. Shi wata biyu kawai yake da shi aka gane, don numfashinsa ma ya so ya tsaya. Muka tafi Damagaram. Likita ya ce ya yi ƙanƙanta, ƙarfen kyamarar ba zai shiga hanyarsa ba, sai dai a buɗa wa fitsarin wata ƙofa kafin ya girma. Aka yi masa ƴar ƙofa ƙasan cibiya, ba ta fi ƙwayar gujiya ba, ja kamar cikin leɓe, fitsari yana tsiyaya ta nan cikin ƙunzugu dare da rana. Ranar da na fara gani sai da na fita waje na zauna a ƙasa. Amma ɗiyata, cikin wata ɗaya yaron nan ya yi kumatu. Aikinmu shi ne canza tsumma da shafa man basilin a kewayen don kada fata ta saluɓe. Mutane sun yi magana, wasu suka ce mun bari an ɓata yaro. Da ya shekara ɗaya da rabi aka yanke abin da ya tare hanyar, aka ɗinke ƙofar. Yanzu ɗan tabo ne kawai.

Tumakina biyu na sayar, balami, waɗanda nake kiwo don layya. Ban yi da-na-sani ba ko sau ɗaya. Ki gaya wa maigidanki kada ya jira kaka. Abin da za a sayar a sayar, a ci bashi in ya kama, gujiyar ta biya bashin in ta zo.

Inda na yi kuskure shi nake so ki ji da kyau. Da muka ga fitsari yana fita da ƙarfi sai muka ce an gama. An ba mu ranar komawa, muka je sau biyu, muka daina. Fiye da shekara uku ba mu leƙa ba. Yaro ya kai bakwai yana fitsarin kwance, wani lokaci har da rana, ubansa yana dukansa yana cewa ƙazanta ce da lalaci. Ga shan ruwa kamar raƙumi, cikin dare sai ya tashi sau uku yana laluben randa. Sai da ya fara ciwon kai muka koma, aka ce jininsa ya hau, yaro ɗan shekara bakwai, kuma ƙodar tana yoyon abin da bai kamata ya fita a fitsari ba. Likita bai yi mana faɗa ba, ya dai ce da mun riƙa zuwa da an tare tun da wuri. Yanzu yana kan magani, duk wata uku muna can. Uban ya daina dukan, har yau in aka tuna sai ya sunkuyar da kai.

Maganar surukarki, kada ki yi jayayya da ita, ba za ki ci riba ba, kuma ita ma son yaron ne. Ki sa maigidanki ya ɗauko ta ya kai ta gaban likita, a nuna mata hoton da idonta. Mu tsofaffi abin da muka gani muke yarda da shi.

Direban Hanyar Ɗan Isa

Ni dai gaskiya nawa yaron kaciya ce ta warkar da shi. In zai yi fitsari sai fatar ta kumbura kamar balan-balan, ya yi ta kuka, fitsari ya fito siriri. Yana shekara uku muka kai aka yi masa, shi ke nan har yau lafiya lau. Don haka maganar tsohuwa ba a banza take ba. Allah ya sawwaƙe.

Tsohon Majo, Ali Ɗan Sofo

Ɗiyata, sannu da jinya. Na yi shekaru a ɗakin masu fiɗa kafin in huta, yara irin naki sun bi ta hannuna. Ban ga yaronki ba, maganar likitan da ke riƙe da takardunsa tana gaba da tawa, amma abin da kika zayyana ya yi daidai da abin da yake zato.

Ƙoda biyu ke tace jini su fitar da fitsari, kowace da bututunta da ke gangarowa mafitsara, daga mafitsara kuma hanya ɗaya ce zuwa waje. A wasu yara maza, tun suna ciki, wani ɗan tantani yakan tsaya a farkon wannan hanya, can ciki kusa da bakin mafitsara, ya tare ta kamar labule. Shi ne bawul, kuma sunan ya dace da shi, don kamar na tayar keke yake: na waje ya shiga, na ciki ba ya fita. Shi ya sa roba ta wuce alhali fitsari ɗiga yake. Maza kaɗai yake samu, kamar ɗaya cikin 5,000 zuwa 8,000 da ake haifa. Ba sanyin jego ba ne, ba kuma wani abu da kika ci ko kika sha da ciki. Kada ki ɗora wa kanki.

Kin san yadda rariyar gida take in ta toshe da damina. Ruwa komawa yake ya cika tsakar gida, ya shiga ɗaki, ya ci gindin katanga. Mafitsarar yaronki wata 17 tana kokawa da ƙofa a rufe, shi ya sa namanta ya yi kauri kamar damtsen maƙeri. Fitsari ya taru ya danne bututu, ya danne ƙoda, ta buɗe. A kusan rabin waɗannan yara fitsarin ma komawa sama yake yi duk lokacin da suka yi nishi. Fitsarin da ya kwanta kuma nan ƙwayoyin cuta ke yaɗuwa su hau ƙoda. Masassarar watan Afrilu da fitsari mai wari, ita ce wannan. Kowace irinta tana iya barin tabo a ƙoda, wurin da ya yi tabo kuma ya daina aiki ke nan.

Saboda haka jiran wata uku ban yarda da shi ba. In aka cire roba aka koma gida, an mayar da ƙofar an rufe, abin da ya kawo ku ƙarfe ɗayan dare zai dawo. In kuma aka bar roba wata uku a gida, ita kanta tana jawo ƙwayoyin cuta, tana toshewa, yaro yana fizgewa. Robar ceto ce ta ƴan kwanaki ko ƴan makonni kafin a yi aiki. In har tafiya ta gagara ƙwarai, ku zauna da likita ku gaya masa gaskiyar aljihunku, ku tambaye shi ƙofar nan ta ƙasan cibiya da Hajiya Kakar Yara ta ba da labari. Sunanta bezikostomi, aiki ne da ba ya buƙatar kyamara, kuma yana hutar da ƙoda har a samu hali. Amma kada ku sa hannu ku fita da yaro haka nan.

Malam direba, naka yaron gaskiya ne kaciya ta warkar da shi, don nasa toshewar a bakin fata take, shi ya sa take kumbura. Na wannan baiwar Allah yana can ciki inda askar wanzami ba ta kaiwa. Kaciya tana da amfani gare shi, tana rage masa yawan kamuwa da ciwon fitsari, ana ma iya yi masa a asibiti rana ɗaya da aikin. Ita kaɗai dai ba ta buɗe hanya. Ɗan'uwana na Jiratawa ma ya kawo magana mai kyau, tsargiya tana kumbura ƙodar yaranmu da yawa a bakin gulbi da tafki, kuma jini a fitsarin yaro ba alamar girma ba ce. Sai dai jaririn da ke nishi tun cikin jego bai shiga kowane ruwa ba. Awon fitsari zai raba gardama.

Hoton rediyon da aka ce, ta robar ake zuba wani ruwa mai fitowa a hoto a cika mafitsara, a ɗauka yayin da yaro ke fitsari. Nan ake ganin inda hanya ta shaƙe, a ga kuma ko fitsari yana hawa sama. Ana jira sai ciwon fitsarin ya lafa. Aikin kansa ba a tsaga ciki. Ana sa shi barci, a bi ta hanyar fitsari da siririn ƙarfe mai kyamara, a tsage tantanin, a bar roba kwana kaɗan. Wani lokaci akan sake leƙawa in an ga saura. A gaya wa Inna ba a taɓa ƴaƴan maraina, kuma mafi yawan waɗannan yara suna girma su yi aure su haihu. Abin da ke raunana namiji shi ne ƙoda ta gaza.

Tambayarki mai nauyi ita ce ko ƙoda za ta koma daidai, kuma ba zan yi miki zaƙin baki ba. Kumburi yakan ragu a hankali, wata da watanni, wani lokaci ba ya ɓacewa duka a hoto ko da ƙodar tana aiki lafiya. Abin dubawa shi ne kireyatinin. Wannan 14 ɗin, in miligiram ne a lita kamar yadda aka saba rubutawa a nan, an ɗauke shi ne hanya tana toshe, yaro yana amai. Wanda za a sake bayan roba ta yi kwanaki shi ke da magana. In ya sauka ƙasa da 8 ya zauna can, likitoci suna ɗaukarsa alama mai kyau. Duk da haka, kusan ɗaya cikin uku na masu bawul suna samun raunin ƙoda mai ɗorewa, wasu sai lokacin balaga yake bayyana, sa'ad da jiki ya girma aiki ya yi wa ƙodar yawa. Shi ya sa maganar Hajiya ta fi tawa nauyi. Awon jini, awon fitsari, eko, awon hawan jini da sikeli, har ya zama saurayi. Mafitsarar da ta yi kauri ma ba ta saki nan da nan, yakan makara wajen riƙe fitsari. In ya yi wayo a riƙa tura shi duk awa biyu zuwa uku, ya yi, ya ɗan jira, ya sake yi. Kada a bar cikinsa ya ɗaure, don kashi mai tauri yana danne mafitsara. Akwai maganin da ke sassauta ta, likita ne ke ba da shi in ya ga da buƙata.

Jiƙo da kanwa ki hana, ko da za a ji haushinki. Kanwa gishiri ce mai nauyi, sassaƙe kuma ba wanda ya san adadin abin da ke ciki, ƙoda mai rauni ita za ta tace duka. Haka magungunan shago: ibuprofen da diklofenak ba nasa ba ne, allurar jentamisin ma sai likitan da ya san awon jininsa. Parasetamol daidai nauyinsa ba laifi. Ruwa kuwa kada a rage masa don gudun jiƙa shimfiɗa. Ƙodar irin waɗannan yara ba ta iya riƙe ruwa, tana zubarwa ko jiki yana buƙata, ga zafin garinmu da ke wuce 40 a bazara. Ranar da ya yi gudawa ko amai, ki fara ruwan gishiri da sukari ki kama hanyar asibiti. Duk masassara kuma ki ce a auna fitsari, ko da gwajin palu ya nuna akwai.

Tun 2006 doka ta ce kula da lafiyar yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta ne a asibitocin gwamnati. Mun san sau da yawa sai an sayo magani a waje, ga kuɗin mota da na abinci, amma ki riƙe takardar turawa da katin yaron, ki nemi ofishin sosiyal na asibitin da za ku. Yamai ta haura kilomita 600, asibitin Lamorde yana da sashen fiɗar yara da na mafitsara. Damagaram ba ta kai 250 ba. Ki roƙi likitanku ya kira can tukuna ya tabbatar da kayan aikin yara da ranar da za a karɓe ku, kada ku sha hanya ku zauna jira.

Iyaye masu karantawa kada kowa ya firgita da kalmar kumburin ƙoda. Da yawa daga wanda ake gani a ekon masu ciki yana bajewa da kansa bayan haihuwa, bibiya kawai yake so. Wani a saman bututu ɗaya matsewar take, wani fitsari ne ke komawa sama ba tare da toshewa ba, wanda ya shafi har ƴaƴa mata. Kowanne da maganinsa. Amma ɗa namiji mai nishi, mai ɗigar fitsari, ƙoda biyu a kumbure, wannan ba a kwana da shi.

Maman Ɗan Fari, unguwar Zariya, Maraɗi

Assalamu alaikum. Sati biyar ke nan, ku gafarce ni, sai yau na samu natsuwar rubutu. Jiya muka sauka daga Yamai.

Baba Majo, na karanta wa maigidana maganarka sau biyu a bakin ƙofar ɗakin jinya, wurin rariyar nan ya ce in maimaita. Hajiya, na bi shawararki ban ce wa Inna uffan ba. Ɗanta ya ɗauko ta, likita ya sake ɗora abin eko a bayan yaron, ya nuna mata baƙin wurin da ruwa ya taru, ya ce nan nama ya kamata a gani. Ta daɗe tana kallo, ta ce, "Duk wannan a cikin ɗan mutum?" Da muka fito ta kwance bakin zanenta ta miƙa wa ɗanta jika goma sha biyar, kuɗin adashenta. Ni na sayar da ƴan kunnen aurena, shi ya karyar da takalma dila biyu, yayansa ya ranto sauran a kan gujiya. Inna ta ce ƙafarta ƙafar jikanta.

Motar asuba muka shiga, ledar fitsarin a cikin jakata, ina leƙawa ina juyewa a kwalba duk inda aka tsaya, Ƙonni, Dogon Dutsi, Doso. Kafin mu tashi an sake awon jini, kireyatinin ya sauko 7. Awon fitsari bai nuna tsargiya ba, Malam na Jiratawa, na gode da tunatarwa, na tambaya. Hoton rediyo ya tabbatar da bawul, ya nuna kuma fitsari yana hawa ta hagu. Muka jira kwana tara kafin layi ya zo kanmu. Aikin bai kai awa ɗaya ba, suka haɗa da kaciyar, Inna ta ce to alhamdu lillahi, kowa ya samu nasa.

Kwana uku aka cire roba. Ya wuni yana kuka yana ƙin yi, don zafi. Wajen la'asar Inna ta tsayar da shi a kan cinyarta tana masa wasa, sai ga fitsari ya taso ya yi baka, ya tsallake gwiwarta ya sauka a kan siminti yana ƙara. Ba nishi, ba jijiyar wuya. Inna ta rangaɗa guɗa a cikin ɗakin jinya har majo ya leƙo. Ni kam na kasa tashi daga tabarma.

Ekon sallama ya nuna ƙodojin suna nan a kumbure, ta hagu ba ta canza ba, ta dama ta ɗan ragu. Da ban karanta maganarka ba, Baba Majo, da na ce aikin bai yi ba. Kireyatinin 6 yanzu. An ba mu siro kaɗan da zai riƙa sha kowane dare don kare ciwon fitsari. Nauyinsa kilo 8 da giram 600. Har yanzu yana jiƙa ƙunzugu da yawa kuma yana shan ruwa sosai, na ajiye masa kofinsa a bakin gado.

An ce mu dawo da sabon eko da awon jini bayan wata uku, za a iya yi a nan Maraɗi a aika sakamakon. Na rubuta ranar da gawayi a bangon ɗaki, saman inda nake rataye zanen goyo. Hajiya, in jikarki za ta yarda, ina so ranar da za ku kai naku awo mu haɗu a bakin asibiti in gaishe ki.